Dutse Yana da Suna Tun Kafin Baƙo Ya Iso

Hausawa sun ce suna linzami ne. Wanda ya riƙe linzami kuwa shi ke juya doki inda ya ga dama. Wannan magana ta shafi mutum, ta kuma shafi gari da rafi da dutse. Amma akwai wata koyarwa da ke yawo a bakin waɗansu masu bi, wai sunan wuri ba kome ba ne, wai Kirista ɗan mulkin sama ne, don haka ba ruwansa da yadda aka rubuta sunan dutsen kakanninsa a taswira. Masu faɗin haka suna tsammani zurfin ruhaniya suke nunawa. Kuskure suke yi, kuskure mai tsada kuwa, gama idan sunan wuri ya ɓace yakan tafi da gona da rijiya da kabarin kaka. Duk wanda ya san unguwar Mayo a kudancin Kartum, da mutanen da wahala ta tara a cikinta, ya san ba wasa ake yi ba.

Duwatsun ƙanƙara

Bari a fara da wuri mai nisa, domin ido ya fi ganin abu sarai idan ba a jikinsa yake ba. A can ƙarshen arewacin ƙasar Kanada akwai wani babban tsibiri da ake kira Ellesmere. Ƙanƙara ta rufe duwatsunsa rani da damina, idan lokacin sanyi ya zo kuma rana takan yi watanni ba ta fito ba. Wani jagoran jirgin ruwa Bature mai suna Inglefield ne ya sa wa tsibirin wannan suna a 1852, domin girmama wani basarake na Ingila. A 1861 wani Ba'amurke, Isaac Hayes, ya hangi jerin duwatsu a tsibirin ya sa musu sunan jirginsa, wanda shi ne sunan ƙasarsa, suka zama Duwatsun Amurka. A 1935 'yan wata tawaga daga Jami'ar Oxford suka sa wa wani jerin suna Duwatsun Daular Ingila. Dutse mafi tsawo a tsibirin, mai mita 2,616, an raɗa masa sunan wani masani ɗan Kanada, Marius Barbeau, a 1969.

Mai musu zai ce, to, ai ba kowa ke zaune a kan ƙanƙarar nan ba, wanda ya fara ganinta ya kira ta yadda ya so. Amma mutanen Inuit, waɗanda ke farauta a wannan yanki na duniya tun kafin jirgin Bature ya iso, suna da nasu sunan na tsibirin, Umingmak Nuna, wato ƙasar wani irin ɓauna mai gashi. A kudancin tsibirin akwai wani mashigin teku da Otto Sverdrup, mutumin ƙasar Nowe, ya kira Grise Fiord, ma'anarsa mashigin alade, domin kukan dabbobin ruwan wurin ya yi masa kama da na alade. A 1953 gwamnatin Kanada ta kwaso iyalan Inuit daga Inukjuak, can kudu mai nisa, ta zuba su a wannan tsibiri. Sun sha yunwa da sanyi da duhu, sai a 2010 gwamnati ta nemi gafararsu. Su mutanen da aka zuba a can, Aujuittuq suke kiran garinsu, wato wurin da ba ya narkewa. Sunan baƙo ya faɗi abin da baƙo ya ji a kunnensa sa'ad da yake wucewa. Sunan mazauna ya faɗi abin da suka sha.

Su ma masu mulki sun san suna ba abin banza ba ne. Garin Frobisher Bay ya koma Iqaluit a 1987. Dutse mafi tsawo a Amurka ta Arewa, wanda wani mai neman zinariya ya kira McKinley a 1896, gwamnatin Amurka ta mayar masa da sunansa na asali, Denali, a 2015, wata gwamnatin kuma ta sāke mayar da McKinley a 2025. Shugabannin manyan ƙasashe suna sa hannu a takarda saboda sunan dutse, Kirista kuma ya zauna ya ce ba kome ba ne?

Duwatsun Nuba

Yanzu a dawo kusa. A jihar Kordofan ta Kudu, wadda babban birninta shi ne Kadugli, akwai duwatsun da ake kira Duwatsun Nuba. Larabawa sukan ce su tasa'in da tara ne, nufinsu dai suna da yawa. Ba dogon jeri ɗaya ba ne, curi-curi ne a warwatse, da filayen baƙar ƙasa mai laka a tsakaninsu. Mafi tsawonsu bai kai mita 1,500 ba, wato bai kai rabin Jabal Marra na Darfur ba, wanda ya haura mita 3,000. Mutanen wurin sun jera duwatsu sun yi gonaki hawa-hawa a jikin tuddai, suna noman dawa da riɗi da gyaɗa. Wanda ya san ƙasar Pankshin ko tuddan Gwoza zai ga kamar gida ya zo. Harsunansu suna da yawa ƙwarai, har masani Roland Stevenson, wanda ɗan mishan ne, ya kasa su gida goma. Sau da yawa mutanen dutse ɗaya ba sa jin harshen na dutsen da suke hange.

To, wane suna duniya ta san su da shi? Mutanen da littattafai ke kira Nyimang, Ama suke kiran kansu. Waɗanda ake kira Gulfan, Uncu ne a bakinsu. Haiban, Ebang ne. Akwai kuma waɗanda aka rubuta Masakin, aka raba su biyu, Masakin Dogaye da Masakin Gajeru. A kunnen mai jin Larabci wannan kalma jam'in miskini ce. Al'umma guda ke nan, da harshenta da gonakinta, an shigar da ita littafi da sunan miskinai. A jihar Shuɗin Nilu ma haka ne: tuddan da taswira ta kira Ingasana, masu su Gaam suke kiran kansu.

Wani zai ce, mene ne a ciki, ai baki ne kawai. Ga abin da ke ciki. A 1968 aka kafa hukumar noma da injuna a Sudan, aka fara yanka manyan gonaki a filayen Habila da ke tsakanin duwatsun, yawancinsu suka faɗa hannun attajirai daga waje. A 1970 aka yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi mata rajista ba ta gwamnati ce. Manomin dutse bai san ofishin rajista ba. Shaidarsa ita ce ya san sunan kowace fadama da kowane kwari, ya san wanda ya sare dajin, ya san inda aka binne shi. Amma waɗannan sunaye a baki suke, ba su cikin takarda. Filin da ba shi da suna a taswira, mai alƙalami yakan ɗauke shi kamar daji ne marar mai shi. Ƙwacen ƙasa yana cikin manyan dalilan da suka jawo yaƙi ya shiga duwatsun a tsakiyar shekarun 1980. A 1992 aka kwashe dubban mutane daga tuddansu aka tara su a sansanonin da aka kira ƙauyukan salama. An tsagaita wuta a 2002, yaƙi ya sāke tashi a watan Yuni na 2011. Ruwa ba ya tsami banza.

Mayo da maƙwabtanta

Da yawa daga cikin waɗanda yaƙi da fari suka kora, gefen Kartum da Umdurman suka nufa. Ita kanta Mayo sunan wata ne. A ranar 25 ga Mayu 1969 Ja'afar Numairi ya yi juyin mulki, unguwar ta ɗauki sunan juyin. Abin lura shi ne, gwamnatin nan ce ta yi dokar ƙasa ta 1970. Manomin da dokar ta raba da gonarsa ya zo ya kafa bukka a unguwar da ke ɗauke da sunan mulkin da ya yi dokar. A farkon shekarun 1990 aka keɓe sansanoni huɗu na masu gudun hijira a kewayen babban birnin. Ɗaya yana Mayo, ana kiransa Mandela. Wani yana yamma da Umdurman a cikin hamada, hukuma ta sa masa suna Salam, wato salama. Waɗanda aka zuba a wurin suka kira shi Jabarona, wato an tilasta mana. Labarin Aujuittuq ne ya sāke faruwa, sai dai can sanyi, nan zafi.

Hausawa ma suna cikin tsofaffin mazaunan Mayo, mafi yawansu Musulmi. Kakanninsu sun bi hanyar aikin hajji, waɗansu kuma sun yi hijira bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin yana ɗauke da sunansa har yau. Hausawa sun zuba guminsu a gonakin audugar Jazira tun bayan gina madatsar ruwan Sinnar a 1925. Duk da haka a bakin mutane da yawa sunansu Fallata ne ko Takari, an haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare cikin buhu ɗaya, kuma sau da yawa kalmar tana ɗauke da ma'anar baƙo wanda ba ɗan ƙasa ba. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a kan sarauta da mallakar ƙasa, mutum fiye da 100 suka mutu, Hausawa suka fito zanga-zanga har a Kartum. Tushen gardamar tambaya ɗaya ce: wa ke da ƙasa, wa ke baƙo. Wanda aka kira baƙo shekara ɗari, ranar rabon ƙasa za a tuna masa.

Sa'an nan yaƙi ya tashi a Kartum a ranar 15 ga Afrilu 2023. A watan Satumba na shekarar bam ya faɗa a wata kasuwa a Mayo ya kashe mutum fiye da 40. Mutanen da aka kora daga duwatsu suka sāke watsewa. Yaron da aka haifa a Mandela, ya girma da Larabcin titi, yanzu kuma ya sami kansa a wata ƙasa, idan aka tambaye shi daga ina yake, me zai ce? Idan abin da ya sani Mayo ne kaɗai, sunan juyin mulki ya gāda.

Laifi tudu ne

Kada mai karatu a Jos ko Kafanchan ko Zariya ya girgiza kai yana zargin Larabawa da Turawa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Harshen Hausa da ake rubuta wannan magana da shi ya yi wa maƙwabtansa daidai abin da ake yi wa Hausawa a Sudan. Bajju sun zama Kaje. Atyap sun zama Katab. Ham sun zama Jaba. Mwaghavul sun zama Sura, Tarok sun zama Yergam, Goemai sun zama Ankwai, Gbagyi sun zama Gwari. A kan wannan duka aka ɗora babban suna ɗaya na raini, arna. Turawan mulki suka ɗauki sunayen daga bakin tafintoci suka zuba a takarda.

Mishan ma ba ta fita ba. David Livingstone, bawan Allah ne mai himma, amma da ya ga babban mafaɗar ruwan kogin Zambezi a 1855, sunan Sarauniya Biktoriya ya sa masa, alhali masu ƙasar suna kiransa Mosi-oa-Tunya, hayaƙi mai tsawa. A Arewacin Nijeriya kuwa, da yake da Hausa aka yi yawancin wa'azi da koyarwa, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, sunayen nan na baƙi sun shiga rahotanni da makarantun mishan ba tare da an tambayi masu su ba. Faɗin wannan ba butulci ba ne ga waɗanda suka kawo bishara. Mishan ɗin SUM da ta kafa tasharta ta fari a gindin Dutsen Wase a 1904, ita ce reshenta na Ostareliya da Niyu Zilan ya buɗe aiki a Haiban a 1920. Ta wurin irin wannan aiki aka buga Sabon Alkawari cikin harsunan Moro da Otoro da Haiban da Kawalib da Korongo a shekarun 1960. Waɗanda suka ga ya dace a ji Maganar Allah da harshen dutse sun bar wa 'ya'yansu aikin da ya rage, wato a kira dutsen da sunansa.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Mai cewa suna ba kome ba ne bai lura da Littafin da yake riƙe da shi ba. Aiki na fari da aka ga Adamu ya yi shi ne raɗa wa dabbobi suna (Farawa 2:19-20). Zunubin mutanen Babila shi ne neman yi wa kansu suna (Farawa 11:4), wanda shi ne ciwon duk mai liƙa sunan sarkinsa a dutsen wani. Sa'ad da aka kai Daniyel da abokansa bauta, tun kafin a gama koya musu harshen Kaldiyawa an sāke musu sunaye (Daniyel 1:7). Mai bautar da mutum ya san inda ake kama linzami. Nabot ya ƙi sayar da gādon kakanninsa ko da sarki ne mai saye, Allah kuwa ya aiko Iliya ya tsaya a bayansa (1 Sarakuna 21).

Akwai kuma wata ƙaramar aya da ba a cika yin wa'azi a kanta ba. A Maimaitawar Shari'a 3:9, ana cikin ba da labarin yaƙi, sai aka dakata domin a bayyana sunan da Sidoniyawa ke kiran Dutsen Harmon da shi, da wanda Amoriyawa ke kiransa da shi, wato Siriyon da Senir. Amoriyawa abokan gāban Isra'ila ne, an kuwa ci su da yaƙi. Duk da haka Maganar Allah ta adana sunan da suka sa wa dutsen, ana karanta shi har yau. Idan Ruhu Mai Tsarki bai ga ɓata wuri ba ne a rubuta sunan da Ba'amore ya ba dutse, wane ne magatakardan ikilisiya da zai ce ba shi da fili a littafinsa?

Amsa ga masu musu

Waɗansu sukan ce tsofaffin sunayen nan suna haɗe da tsafi, gama a kan duwatsun ake yanka wa dodanni. Gaskiya ne an yi tsafi a duwatsu da yawa. Amma Bulus ya tsaya a Tudun Arasa a Atina, tudun da ke ɗauke da sunan gunkin yaƙi na Helenawa, ya yi wa'azin tashin Almasihu, Luka kuwa ya rubuta sunan tudun yadda yake (Ayyukan Manzanni 17). Kano ta musulunta tun ɗaruruwan shekaru, ba ta sāke wa Dutsen Dala suna ba, ko da yake kowa ya san labarin Barbushe da Tsumburbura. Abin da bishara ke kawarwa shi ne yankan da ake yi a kan dutse. Dutsen kansa na Ubangiji ne tun ranar da ya halicce shi.

Waɗansu sukan ce ai Allah da kansa ya sāke wa Abram da Yakubu suna, Yesu kuma ya sāke wa Saminu. Haka ne. Amma mai abu ne ya sāke, da alkawari kuma ya sāke, domin ya ɗaukaka su. Mai taswira ba Allah ba ne, bai kuwa zo da alkawarin kome ba.

Waɗansu kuma sukan ce tono sunayen kabilu yana raba kan jama'a. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, gama kabilanci cuta ne a cikin ikilisiya. Amma a ranar Fentikos ba a narkar da harsuna sun zama ɗaya ba, kowa ya ji da nasa, an kuma lissafta ƙasashensu ɗaya ɗaya da sunayensu (Ayyukan Manzanni 2). Raini ne ke raba kan mutane. Sunan Nuba kansa misali ne mai kyau. Baƙi ne suka fara tara mutanen duwatsun a ƙarƙashinsa, amma daga baya shugabanninsu, irin su Fada Philip Abbas Gabbush da Yusuf Kuwa, suka ɗauke shi da alfahari ya zama abin haɗa kai. Ba laifi mutum ya amsa sunan da ya zaɓa. Laifin shi ne a zaɓa masa, a kuma shafe nasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ikilisiyoyin Arewa ma sun san wannan a aikace. Tarayyar da aka kafa a 1955 da sunan Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan ta sāke sunanta ya koma a Nijeriya, domin kalmar Sudan ta zama sunan wata ƙasa dabam. Wanda ya gyara sunan kansa da ya ga bai dace ba, ba shi da bakin cewa na ɗan'uwansa ba kome ba ne.

Aikin da ke gaban ikilisiya

Aikin nan ba ya bukatar kuɗin ƙasashen waje. Littafin rubutu da alƙalami da haƙuri sun isa. Sa'ad da ake rubuta sunan mai shiga ajin baftisma, a tambaye shi sunan ƙauyensu da dutsensu yadda kakarsa ke faɗa, a rubuta shi kusa da sunan da hukuma ta sani, kamar yadda aka yi wa Harmon. Ƙungiyar matasa da zumuntar mata su zauna da tsofaffi, musamman waɗanda yaƙi ya raba da gida, su rubuta sunayen tuddai da rafuka da rijiyoyi da makabartu, da ma'anar kowanne, a yi kofi fiye da ɗaya a ajiye a wurare dabam dabam. Ranar da za a koma gida a zauna shari'ar gona, wannan littafi zai yi magana bayan tsofaffin sun kwanta dama.

Mai wa'azi kuma, kafin ya hau bagade a ƙasar da ba tasa ba, ya tambayi dattawa yadda suke kiran kansu, ya koyi faɗinsa ko da harshensa zai karye. Iyaye su hana 'ya'yansu kiran maƙwabci da sunan da ba ya so, ko Kirista ne ko Musulmi, ko Banube ne ko Bahaushe. Makiyayi nagari yakan kira tumakinsa kowace da sunanta (Yahaya 10:3), bawa kuwa bai fi ubangijinsa ba.

Allah ya ba Sudan salama ta gaskiya, ya komar da korarru zuwa duwatsunsu, ya kuma ba ikilisiyarsa kunnen jin sunan da kowace al'umma ke kiran kanta da shi. Amin.